Wutar lantarki daga raƙuman teku: inda gizo ke saƙa

Tun a shekarar 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard da ɗansa suka yi rajistar dabarar amfani da raƙuman teku don juya injina a birnin Faris. Wato tunanin ya girmi farantin sola da shekaru masu yawa. Amma a yau sola da farfelar iska sun mamaye duniya, alhali dukkan injinan da ke tatsar wuta daga raƙuman ruwa, idan aka tattara su wuri guda, ba su kai abin da tashar gas matsakaiciya ɗaya ke bayarwa ba. Ƙarfin kuwa akwai shi: rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2011 ya ƙiyasta cewa raƙuman tekunan duniya na ɗauke da kimanin tirawat-awa 29,500 a shekara, kusan daidai da dukkan wutar da ɗan Adam ke samarwa. Wannan lissafin takarda ne, ba dukkansa ke kamuwa ba, amma ko kashi kaɗan daga cikinsa ba abin rainawa ba ne.

Daga cikin siffofin injinan da aka gwada, wanda aka fi komawa gare shi shi ne gora: wani ƙaton mazubi rufaffe, na ƙarfe ko na zaren gilashi da aka daskarar da ƙaro, da ke zaune a saman ruwa yana hawa da sauka. Ana ɗaure shi da wani abu da ba ya motsi, ko dai anka a ƙasan teku ko wani faranti mai nauyi da ke rataye can ƙasa inda ruwa ke kwance. Bambancin motsi tsakanin abin da ke hawa da abin da ke tsaye shi ake mayarwa wuta. A faɗa da baki abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin lissafi guda ɗaya, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci dalilin da ya sa kamfanoni da dama suka durƙushe a wannan harka.

Ga lissafin. A ruwa mai zurfi, ƙarfin da ke ratsa kowace mita ɗaya ta faɗin raƙumi, a ma'aunin kilowat, ya yi kusan rabin abin da za a samu idan aka ninka tsayin raƙumin da kansa, sannan aka ninka da yawan sakan da ke tsakanin raƙumi da mai bi masa. Tsayin da ake nufi shi ne matsakaicin tsayin kashi ɗaya cikin uku na raƙuman da suka fi girma, domin teku ba ta aiko su daidai wa daida. To idan tsayin ya kai mita 2 kuma tazarar sakan 8 ce, za a samu kilowat 16 a kowace mita. Idan mita 3 ne da sakan 9, ya zama kilowat 40. Ranar guguwa, da tsayin mita 10 da sakan 12, lissafin ya tashi kilowat 600. In aka kwatanta da na mita 2, tsayi ya ninka sau biyar kawai, ƙarfi ya ninka kusan sau 38. Kuma a irin wannan ranar, raƙumi ɗaya tilo na iya kusan ninka wancan matsakaicin, ya kai mita 18 zuwa 20.

Kuɗin da gora ke kawowa yana fitowa ne daga raƙuman mita 2 zuwa 3 da ke zuwa yawancin kwanakin shekara. Kuɗin da ake kashewa wajen ƙera shi kuwa, raƙumin mita 20 ne ke yanke shi, wanda watakila sau ɗaya zai zo cikin shekaru masu yawa. Kaurin ƙarfe, girman anka, kaurin igiya, duk don wannan rana ɗaya ake sayensu. Mai farfelar iska yana da mafita: in iska ta wuce kima sai ya karkata fukafukan, iskar ta wuce ta gefensu. Goran da ke zaune a kan ruwa ba shi da inda zai karkata.

Yadda ake sa gora ya yi rawa da kiɗan teku

Abu na farko da ke ba wa sabon shiga mamaki shi ne cewa goran da ke bin ruwa sau da ƙafa, ya hau in ruwa ya hau, ya sauka in ya sauka, ba ya kama wani ƙarfi na a zo a gani. Kafin a tatsi ƙarfi dole gudun goran ya zo daidai da lokacin da ruwa ke tura shi: yana cikin tsananin gudunsa zuwa sama a daidai lokacin da turin ruwan ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Kamar tura yaro ne a kan lilo. In ka tura a kan kari, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama, in ka saɓa lokaci sai ka tsayar da shi.

Kowane abu mai yawo a ruwa yana da nasa lokacin rawa na ɗabi'a, wanda ya danganta da nauyinsa da faɗin jikinsa a daidai bakin ruwa. Goran da ya nutse mita 5 a ruwa, in aka danna shi aka saki, zai kammala hawa da sauka cikin kusan sakan 4 da rabi zuwa 5. Raƙuman teku masu amfani kuwa suna zuwa ne duk sakan 7 zuwa 12, wani lokaci fiye. Kafin lokacin goran ya kai sakan 10 da kansa, sai ya nutse kusan mita 25, wato ya zama ƙaton abu mai tsadar gaske. Dalilin taurin kan nasa a bayyane yake: gora mai faɗin mita 9, kafin a danna shi mita ɗaya cikin ruwa sai an ɗora masa kusan tan 65, saboda nauyin ruwan da zai ture ke nan. Ruwan da kansa ya zama sifirin mai tauri da ke mayar da shi wurinsa da sauri.

Masana biyu na jami'ar Trondheim a ƙasar Nowe, Kjell Budal da Johannes Falnes, su suka yi wa wannan matsala aiki tun tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da tashin farashin man fetur na 1973 ya sa Turai ta shiga neman wata hanyar, kuma Stephen Salter na jami'ar Edinbara ya fito da nasa injin a 1974. Sun nuna cewa ƙaramin gora na iya kama ƙarfi daga faɗin ruwa da ya fi jikinsa. Iyakar ita ce tsawon raƙumin a raba da kusan 6.3. Raƙumin sakan 8 yana da tsawon kusan mita 100 daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, saboda haka iyakar ta zama mita 16, ko da goran bai kai rabin haka ba. Hikimar ita ce goran da ke motsi yana haifar da nasa raƙuman, su kuma su haɗu da masu zuwa su kashe wani ɓangarensu, ƙarfin da ya ɓace daga ruwa ya koma cikin injin. Amma kafin ƙaramin gora ya kusanci wannan iyaka sai ya yi tsalle mai nisa fiye da tsayin raƙumin kansa, kuma injin da ke cikinsa yana da iyakar tafiya.

Dabararsu ta farko ita ce kulle goran na ɗan lokaci. Idan ya kai ƙarshen saukarsa sai a riƙe shi da birki ko bawul na sakan ɗaya ko biyu, ruwa ya taso ya kewaye shi, sannan a sake shi ya harba sama a kan kari. A tankin gwaji abin yana ninka wutar da ake samu. A teku kuma, dole kwamfuta ta san raƙumin da ke tafe kafin ya iso, kuma birkin zai riƙe tan-tan na nauyi ya saki sau biyu a kowane raƙumi. Dabara ta biyu ita ce a mayar da janareta ya zama moto na ɗan lokaci a kowane zagaye, ya tura goran da wutar da aka ara, da fatan a samo fiye da ita. Wannan yana aiki ne kawai idan asarar injin ƙarama ce ƙwarai, domin wutar tana shiga tana fita, kowace wucewa kuma sai ta bar wani abu a hanya.

Dabara ta uku, wadda kamfanin CorPower Ocean na Suwidin ya ɗauka, ta fi burge ni a matsayin aikin injiniya. Suna sanya silinda masu matsattsen iska a gicciye cikin goran, ta yadda in ya bar tsakiya zuwa sama sai su ƙara tura shi sama, in ya yi ƙasa su ƙara tura shi ƙasa. Wannan turin yana cinye wani kaso na waccan tan 65 ta taurin ruwa, sai ƙaramin gora mara nauyi ya koma yana rawa a hankali kamar babba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ana iya kashe wannan tsari. In guguwa ta taso, sai goran ya koma ɗabi'arsa ta asali, lokacinsa ya saɓa da na raƙuman, wata silindar kuma tana jan sa ƙasa tana riƙe da shi, ruwa ya riƙa bi ta kansa yana wucewa. Injinsu mai suna C4, mai faɗin mita 9 da ƙarfin kilowat 300, an kafa shi a 2023 a gaɓar Aguçadoura da ke arewacin Fotugal, kuma kamfanin ya ce ya tsallake guguwar watan Nuwamba na wannan shekarar wadda raƙumanta suka kai mita 18.5. Tsallake guguwa ɗaya nasara ce. Mai ba da bashi kuwa shekara ashirin yake tambaya.

Daga motsi mai nauyi zuwa wutar da layi zai karɓa

Janareta yana son gudu mai sauri da ƙarfi kaɗan: irin wanda aka saba da shi yana juyi 1,500 a minti. Teku tana bayar da akasin haka. Goran da ke hawa mita ɗaya da rabi sama da tsakiya ya sauka haka ƙasa cikin sakan 8, mafi saurin gudunsa bai fi mita 1.2 a sakan ba, kuma yana tsayawa cik sau biyu a kowane zagaye ya juya baya. Kafin a fitar da kilowat 300 daga abin da ke tafiyar mita ɗaya a sakan, sai injin ya ɗauki turin da ya kai nauyin tan 30. Duk abin da ke tsakanin goran da janareta aikinsa ke nan, ya karɓi wannan nauyi ya mayar da shi gudu.

Hanyar da aka fi daɗewa ana bi ita ce ta mai. Goran yana tura fistin, fistin yana matsa mai ta bawuloli masu hanya ɗaya zuwa wata tukunya mai iskar naitirojin a matse, daga can man ya fita a daidaice ya juya moton mai, shi kuma ya juya janareta. Amfaninta biyu: tana jure nauyi sosai, kuma tukunyar tana adana ƙarfin sakanni kaɗan ta rage tsalle-tsallen wuta. Illarta ita ce asara tana yawa in ruwa ya lafa, ga kuma sil, robar da ke hana mai yoyo a jikin sandar fistin. A duba aikin wannan roba da kyau. In raƙumi na zuwa duk sakan 8, shekara ɗaya tana da kusan miliyan 3.9 nasu. In sandar na tafiyar mita 2 sama da mita 2 ƙasa a kowanne, robar ta goge kusan kilomita 16,000 na ƙarfe a shekara, cikin iska mai gishiri, ba tare da bakanike ya leƙa ta ba. Da zarar ɗan tsatsa ko ƙwayar yashi ta karci sandar, robar ta fara cinyewa, mai ya fara fita ko ruwa ya fara shiga.

Kamfanin Carnegie na Ostireliya ya gwada wani salo a tsibirin Garden Island kusa da Perth a 2015. Goruna uku masu faɗin mita 11, kowanne kilowat 240, an nutsar da su kaɗan ƙarƙashin ruwa don guje wa dukan saman teku. Suna jan famfo a ƙasan teku, famfon na tura ruwa mai matsi ta bututu zuwa tudu, a can ne ake juya janareta, har ana tace ruwan sha da wani kaso don sansanin sojan ruwa da ke tsibirin. Tunanin shi ne a bar kayan lantarki a busasshen wuri. Sai dai bututun mai nisa yana cin ƙarfi da kuɗi, kuma a tsarinsu na gaba sun mayar da janareta cikin goran. Kamfanin ya faɗa hannun masu kula da bashi a 2019 kafin aka sake farfaɗo da shi.

Hanya ta biyu ita ce a cire duk wani mai shiga tsakani. Ƙungiyar Mats Leijon a jami'ar Upsala ta fara gwada wannan a teku kusa da Lysekil a 2006: janareta miƙaƙƙe yana zaune a ƙasan teku a kan gindin kankare, igiya daga goran tana jan wata sanda mai jere da maganaɗisu tana ratsa tsakanin naɗin waya. Babu giya, babu mai. Amma tunda gudun kaɗan ne, sai an zuba maganaɗisu da tagulla masu yawa kafin a samu wutar kirki, kuma tazarar da ke tsakanin sandar da naɗin wayar 'yan milimita ce da dole boris su riƙe ta duk da jan da maganaɗisun ke yi. Kamfanin Seabased da ya fito daga wannan bincike ya kafa janareta 36 a Sotenäs da ke yammacin Suwidin, kusan megawat 1 daga cikin 10 da aka tsara, kuma aikin bai wuce nan ba.

Hanya ta uku ita ce ta haƙoran ƙarfe ko dunƙulen sukuru: sanda mai haƙora tana hawa da sauka tana juya ƙananan giya. CorPower suna raba nauyin a kan ƙananan giya da yawa a lokaci guda don kada haƙori ɗaya ya ɗauki tan 30 shi kaɗai. Asara a nan kaɗan ce, amma haƙori ba ya yafe duka kamar yadda mai ke yafewa.

Kowace hanya aka bi, akwai abokin gaba guda: ƙarshen tafiya. Sanda tana da iyakar inda za ta kai. In raƙumi ya fi wannan iyaka, goran mai ɗauke da tan-tan na nauyi ya buga ƙarshen da gudu. Ana sa sifirin ko matashin roba ko na mai a wurin, amma bugun na ratsa dukkan jikin injin har zuwa anka. Ɗan'uwansa shi ne fizgar igiya. In goran ya faɗa kwarin raƙumi da sauri fiye da yadda injin ke janye igiyar, sai ta yi sako-sako, raƙumi na gaba ya ɗaga goran, igiyar ta miƙe farat ɗaya. Nauyin wannan fizga na iya ninka na aikin yau da kullum sau da yawa, kuma ita ce ke tsinka igiya ko ta fasa waldar wurin da aka maƙala ta. Shi ya sa ake barin igiya a ɗame koyaushe, da sifirin ko nauyi ko matsattsen iska.

Wutar da ke fita daga janaretan gora ba ta shiga layi kai tsaye. Ƙarfinta da bugunta suna canzawa kowane sakan, tana kaiwa sifili sau biyu a zagaye, kuma raƙuma kan zo rukuni-rukuni, manya biyar ko shida sannan a ɗan lafa. Ƙololuwar wutar na iya ninka matsakaicinta sau goma ko fiye. Sai an fara mayar da ita wuta miƙaƙƙiya irin ta batir, a tara ta a ma'aji mai saurin caji da saki ko a wani ƙarfe mai nauyi da ke juyi, sannan inbata ta mayar da ita mai bugu 50 a sakan, taransifoma ta ɗaga ta zuwa kilobolt 11 ko 33 don tafiya tudu. Nan ma akwai zaɓi mai ciwo. In aka sayi kayan lantarki da za su ɗauki ƙololuwa, an biya kuɗin megawat don sayar da kilowat ɗari. In aka sayi ƙanana, dole a zubar da ƙarfin manyan raƙuma. Goruna da yawa a fili ɗaya suna rage wannan, domin raƙumi ba ya isa gare su lokaci guda, sai gibin wannan ya cike da tudun wancan. A ƙaramin layi irin na tsibiri, in ba a daidaita ba, ana ganin abin a ƙwan fitila yana haske yana dushewa da kowane raƙumi.

Sai kebul. Wanda ke kwance a ƙasan teku an san kansa, masu farfelar iska ta teku sun daɗe suna shimfiɗa shi. Mai wahalar shi ne guntun da ya taso daga ƙasa zuwa jikin goran da ke motsi. Ana rataya masa ƙananan abubuwa masu yawo a tsakiya don ya yi doro ya sami sararin lanƙwasa, a kuma sa masa mazubi mai tauri a inda ya shiga goran. Duk da haka tagullar da ke ciki tana lanƙwasuwa sau miliyoyi, cikin shekara ashirin kusan sau miliyan 80, kuma ƙarfe yana gajiya.

Abin da ke kashe aikin a zahiri

Tarihin wannan fanni ya nuna cewa ba kasafai babban tunanin ke gazawa ba, ƙananan abubuwa ne. A watan Oktoban 2007 goran gwaji na kamfanin Finavera ya nutse a gaɓar jihar Oregon ta Amurka dab da lokacin da za a ɗauke shi, bayan ruwa ya shiga kuma famfon kwashe ruwan ya tsaya. Injin Pelamis, wanda ba gora ba ne, dogon maciji ne mai gaɓoɓi na mita 120, shi ya buɗe gonar raƙuma ta farko a duniya a Aguçadoura a watan Satumban 2008, injina uku masu kilowat 750 kowanne. Cikin 'yan watanni aka jawo su tashar jirgi don gyara, rikicin kuɗi na wannan shekara ya rutsa da kamfanin da ya zuba jari, ba su koma ba. Pelamis ya rushe a 2014. Ocean Power Technologies, wanda ya haɗa goran kilowat 40 da layin sansanin soja a Hawayi a 2010, ya sami lasisin kafa goruna goma a Reedsport na Oregon a 2012, ya ajiye aikin a 2014 saboda tsada, ya koma ƙera ƙananan goruna masu kilowat kaɗan don ciyar da na'urorin sa ido a teku. A wannan ƙaramar kasuwa dama raƙumi ya daɗe da cin nasara: tun shekarun 1960 Yoshio Masuda na Japan ya ƙera goruna masu kunna fitilar nuna wa jirage hanya da kansu.

Gishiri yana cin ƙarfe, musamman a daidai inda ruwa ke fantsama yana bushewa. Ana kare jikin da fenti mai kauri da dunƙulen zinki ko alminiyam da ake maƙalawa don su cinye a madadin ƙarfen. Sai halittun ruwa masu ɓawo da ciyayi da ke manne wa komai. Ba ƙazanta kawai suke kawowa ba: suna ƙara wa goran nauyi, suna sauya lokacin rawarsa daga abin da aka saita wa kwamfuta, suna ƙara wa kebul kauri har ya nutse ya goga ƙasa, kuma in suka kama sandar da ke shiga sil sun gama da robar.

Gyara shi ne inda lissafin kuɗi ke karyewa. A ɗauki goran kilowat 300 da ke bayar da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa in aka daidaita a shekara. Wannan kusan kilowat-awa 788,000 ne. A farashin santi 20 na yuro kan kowace kilowat-awa, wanda shi ne burin da Tarayyar Turai ta sa wa fannin na 2025 kafin a sauko zuwa 15 a 2030, kuɗin shekara bai kai yuro 160,000 ba, kusan yuro 430 a rana. Hayar jirgin aiki da ma'aikatansa na rana ɗaya tana cin dubban yuro. Kuma ma'aikaci ba ya iya tsallakawa daga jirgi zuwa gora sai raƙumi ya sauko kusan mita ɗaya da rabi ko ƙasa. An zaɓi wurin ne saboda ruwansa ba ya kwanciya, saboda haka in fis ɗin da bai kai kuɗin abincin rana ba ya ƙone a watan Disamba a yammacin Sukotilan, ana iya jiran makonni kafin a kai gare shi, a daidai watannin da ya kamata injin ya fi kawo kuɗi. Wannan ne ya sa sababbin tsare-tsare suka koma ga maƙala mai saurin kwancewa: ƙaramin jirgi ya zo ya cire goran daga anka da kebul, ya ja shi tashar jirgi, a sa wani a gurbinsa, ba tare da masu nutso ko jirgi mai ƙugiya ba.

Kashi 30 ɗin ma fata ne. Tashar Mutriku da ke yankin Bask na Sifen, wadda aka gina a cikin katangar tare ruwa ta tashar jirgi kuma take aiki tun 2011 da farfela 16 masu jimillar kilowat 296, ta kai gigawat-awa 2 a 2020. In aka raba, kusan kashi 10 cikin 100 ke nan. Tana kuma cikin waɗanda suka fi daɗewa suna ba layi wuta, saboda bakanike na iya zuwa wurinta da ƙafa.

To me ya sa har yanzu ake zuba kuɗi, har cibiyar gwaji ta EMEC a tsibiran Okni tana karɓar injina tun bayan kafa ta a 2003, Amurka kuma ta gina filin gwaji na PacWave a gaɓar Oregon? Ba don farashi ba, domin sola a manyan tashoshi ta sauko ƙasa da santi 5 na dala kan kowace kilowat-awa. Dalilin lokaci ne. Raƙumi iska ce da aka tara: guguwa ta kaɗa a tsakiyar Atilantika, ƙarfinta ya taho a cikin ruwa yana cin kusan kilomita 800 a rana in raƙuman na sakan 12 ne, ya iso gaɓa bayan iskar ta kwanta. Ana iya hasashensa kwanaki kafin ya zo, yana aiki da dare, kuma a Turai ya fi ƙarfi da hunturu lokacin da rana ba ta da tasiri kuma buƙatar wuta ta fi yawa. Layin da ya dogara da rana da iska zai iya biyan ƙarin kuɗi don wutar da ke zuwa lokacin da su biyun suka yi shiru, domin tana rage yawan batir da za a saya.

Wuraren da suka fi albarka su ne gaɓoɓin yamma da ke nesa da tsakiyar duniya: yammacin Ayalan da Sukotilan, kudancin Cile, kudancin Ostireliya, Afirka ta Kudu, inda matsakaicin shekara ke kaiwa kilowat 40 zuwa 70 a mita. Mashigin Gini, daga Gana zuwa Najeriya da Kamaru, yana can ƙasa, a wajejen kilowat 10. Amma yana da abin da waɗancan ba su da shi. Raƙumansa dogaye ne masu tsari da suka taho daga kudancin Atilantika, sun fi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba lokacin da gajimaren damina ke rage wa sola aiki a bakin teku, kuma tazarar da ke tsakanin ranar yau da kullum da ranar mafi muni ba ta kai ta arewacin Atilantika ba. Wato a nan ana iya ƙera gora mara kauri sosai. An gwada: kamfanin TC's Energy na Gana ya kafa wasu injinan Seabased a Ada Foah, kusa da inda kogin Bolta ke shiga teku, a wajejen 2015, kuma a 2018 aka sa hannu kan yarjejeniyar megawat 100 da ba ta zama tasha ba. Goran da aka auna don tekun Turai, in aka kawo shi nan, janaretansa zai yi yawancin shekara yana aiki a ɗan ƙaramin kason ƙarfinsa, inda asararsa ta fi yawa. Wanda zai dace sai ya zama mai faɗi da ƙaramin janareta, an saita shi don raƙuman sakan 10 zuwa sama. Ruwan ɗumi kuma yana hanzarta mannewar halittu, kuma a gaban Neja Delta ƙasan teku laka ce mai gangara a hankali, sai an yi tafiya mai nisa kafin a sami zurfin mita 40 da irin goran CorPower ke buƙata, kowace kilomita kuma kuɗin kebul ce.